Filinge: tsutsa na cin ganye, mai garka na cin bashi

Daga Baleyara zuwa Bonkuku har a kai Filinge, garaken da ke cikin kwarin Dallol Boso suna yin kore shar a watannin Disamba da Janairu. Shu na naɗewa, salati na baje ganye, tumatir na fure, dankalin turawa ya rufe ƙasa. Da sanyi ya fara ja da baya a ƙarshen Fabrairu sai garka ta sake kama. Ganyen shu ya koma kamar rariya, na tumatir ya yi fari-fari ya bushe kamar wuta ta lashe shi, zogala kuma ta tsaya da tsirara, sai sanduna. Mai garka ya san abin da ke tafe, shi ya sa tun kafin lokacin ya tanadi kwalba biyu ko uku na magani. Abin da ke ba shi mamaki shekara bayan shekara shi ne, yana ƙara feshi, ɓarna na ƙaruwa.

Wannan magana ta shafi mutanen gari kai tsaye. Abin da ke fita daga waɗannan garake shi ke shiga tukunyar Filinge, wani kaso mai yawa kuma ya bi hanya mai lamba 25 zuwa Yamai, tafiyar kilomita kusan 180. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai ƙarshen sanyi da farkon zafi, wato lokacin da kowane gida ke neman kwaɗon zogala, shu da tumatir na buɗe-baki, kuma lokacin da ƙwari suka fi ƙarfi a garka. Idan ganye ya ƙare a Bonkuku, farashi ne ke tashi a kasuwa. Idan kuma an ceci ganyen da guba, a cikin kwanonmu take ƙarewa.

Ƙasar Kurfai ta daɗe da sanin maƙiyin da ke cin ganye. Yunwar 1931 da ta yi wa yammacin Nijar mummunar illa ta biyo bayan fara ne, kuma waɗanda suka kai shekara talatin ba su manta farar 2004 ba, da wahalar 2005 da ta zo a bayanta. Sai dai fara abu ce da ake gani. Tana tasowa kamar hadari, a buga waya, a sanar a rediyo, hukuma ta fito da motoci har da jirgin sama. Noman rani kuwa, wanda gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane gare shi da ƙarfi bayan farin 1984, ya zo da nasa maƙiyan, ƙanana, waɗanda ba su da ƙara kuma ba su sa a yi shela. Ruwan Dallol yana kusa, a wurare da dama mita kaɗan ake ginawa a same shi, don haka garka ba ta hutawa: akwai ɗanyen ganye daga Oktoba har zuwa faɗuwar ruwa. Inda ganye ba ya yankewa, zuriyar tsutsa ma ba ta yankewa.

Manomi yana cewa "tsutsa" kawai, mai sayar da magani ma haka, alhali ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan kuskure yake farawa.

Wadda ke cikin tumatir, masana suna kiranta Tuta absoluta. Baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sipaniya a 2006, ta tsallako arewacin Afirka, ba a daɗe ba ta ratsa Sahara. Masu bincike na cibiyar INRAN sun tabbatar da tana nan Nijar a cikin rahoton da suka fitar a 2016. A wannan shekarar ce ta yi wa makwabtanmu ta'adi: a watan Mayu gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, tana cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na gonakin tumatir sun lalace, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa kusa da Kano kuma ta dakatar da aiki don ba ta samun abin da za ta niƙa. Manoman Kano suka laƙaba mata suna "sharon". Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, da dare yake yawo. Mace guda tana iya zuba ƙwai sama da 200. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, tana ci daga ciki. Maganin da ke kashe ƙwaro idan ya taɓa jikinsa ba ya isa gare ta. An wanke rufin ɗaki ne, mai ɗakin na ciki. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa bai cika wata guda ba, ke nan a shekara ana iya samun zuriya goma ko fiye. Abin da ya kamata ya hana mutanen Imanan barci shi ne ba tumatir kaɗai take ci ba. Dankalin turawa, yalo da gauta duk dangi ɗaya ne da tumatir, kuma tana kama su. Bonkuku kuwa da dankali aka san ta, irin da ake shukawa ma daga Turai ake kawo mafi yawansa, da tsada, sau da yawa da bashi.

Ta cikin shu daban take. 'Yar ƙarama ce, kore, idan aka taɓa ta sai ta yi tsalle baya ta rataye da zare. A ƙarƙashin ganye take zama, wurin da feshin gaggawa ba ya kaiwa. Wannan tsutsa, Plutella, ta yi suna a duniya wajen gagarar magani: tun a shekarun 1950 aka ga DDT ya daina kashe ta a ƙasar Indonesiya, kuma tun daga lokacin kusan duk maganin da aka dage mata da shi sai ta saba da shi. Da zafi, mako biyu zuwa uku sun ishe ta ta sake zuriya. Tana da abokiyar aiki wadda ke cin zuciyar shu tun yana ƙarami, sai ya fasa naɗewa ya yi 'yan kawuna da yawa da ba mai saye.

Sai ta zogala, Noorda blitealis, wadda masu bincike suka bayyana a matsayin babbar maƙiyiyar zogala a Nijar tun farkon shekarun 2010. Tana haɗa ganye da zare kamar saƙar gizo, ta kankare korensa ta bar fata fara, in ta yi yawa kuma ta tsige itacen gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. A nan ne matsalar lafiya ta fi muni, domin zogala ganyenta ake ci, kuma ana tsinkarsa a kai a kai, bayan mako biyu ko uku. Maganin da aka fesa ranar Talata yana iya kasancewa a kan tire ranar Juma'a.

Na huɗun ma ba tsutsa ba ne. Jan gizo-gizo ne ƙanana, da kyar ido ke ganinsu, suna tsotse ganyen tumatir, yalo da dankali har ya yi ja ya bushe. Zafi da ƙura su ne abincin ransa. Shi ba ƙwaro ba ne irin sauran, dangin gizo ne, don haka yawancin magungunan ƙwari ba su yi masa kome. Abin da suke yi shi ne kashe ƙananan halittun da ke cinsa. Manomi ya fesa don tsutsa, bayan kwana goma jan gizo ya mamaye garka, ya koma kasuwa ya sayo wata kwalbar irin ta farko.

To wa ke gaya wa mai garka wanne ne wanne? A yawancin lokaci, mai tebur ne a kasuwa. Ranar Lahadi a Baleyara, ko a kowace kasuwar mako ta Kurfai da Tondikandiya, za ka tarar da kwalabe jere cikin rana, kusa da takin zamani da irin shuka, wani lokaci kusa da kayan miya. Mai sayarwa shi ne likita, shi ne mai kantin magani, kuma ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Ba a ce mugu ne ba. Shi ma yawanci bai iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba, tunda da Turancin Ingilishi aka rubuta, an shigo da ita daga Najeriya ko Gana, a ƙasar da ko wanda ya yi lakkol Faransanci ya koya.

Doka dai a fili take. Nijar tana cikin ƙungiyar CILSS, kuma maganin ƙwari ba ya halatta a ƙasar sai kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan, CSP, da ke da mazauni a Bamako, ya amince da shi, ya ba shi lamba, ya kuma faɗi shukar da aka yarda a fesa masa. Amma binciken da cibiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohi, ta sha yi a kasuwannin ƙasar nan ya nuna mafi yawan magungunan da ake sayarwa ba su da wannan izini. Wasu na auduga ne, an yi su don shukar da ba a ci. Wasu sunansu daban-daban, kwalinsu daban, amma abin da ke ciki ɗaya ne, mafi yawa lambda-cyhalothrine ko wani ɗan'uwansa. Manomi yana ganin ya canza magani sau uku, alhali guba ɗaya ya ba tsutsa sau uku, wadda ta tsira kuma ita ke haifar ta gaba. Haka gagara take samuwa, ba wani asiri. Ga kuma DDVP, wanda kowa ya sani da piya-piya. Hukumar lafiya ta duniya ta sa shi cikin rukunin masu haɗari ƙwarai, Tarayyar Turai ta daina yarda da shi a gona, ita kanta hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. A nan kuwa yana nan a kan tebur, ana zuba shi a ɗaki don sauro, a buhun wake don ƙwari, a kan shu don tsutsa.

A jikin kowace kwalba ta gaskiya akwai abu biyu da ko wanda bai yi karatu ba zai iya riƙewa. Na farko zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Na biyu adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. Wannan na biyun shi ne ake takewa kullum, kuma dalilin ba jahilci kaɗai ba ne. Mai garkar da motar 'yan kasuwa za ta zo masa jibi, ga bashin iri da na man injin ban-ruwa a wuyansa, ba zai ce a dawo bayan mako biyu ba. Mu masu saye ma muna da namu laifin. Matar da ta ɗaga shu ta ga huda biyu a ganye ta ajiye, ta ɗauki wanda yake sumul, ta riga ta gaya wa manomi abin da zai yi baɗi. Ni dai shu mai 'yar huda ya fi kwantar mini da hankali.

Wanda ya fi kowa shan gubar shi ne mai feshin kansa, kuma sau da yawa yaro ne matashi, da silifa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yana dama magani da sanda ko da hannu, iska na mayar masa da shi a fuska. Ciwon kai, jiri, ƙaiƙayin ido da amai bayan feshi an ɗauke su kamar gajiyar aiki, a sha madara a kwanta. Madara ba ta karya wannan guba. Kwalbar da ta ƙare kuma a yar da ita bakin rijiya, ko a wanke a zuba mai ko ruwan sha. A cikin Dallol, inda ƙasa rairayi ce kuma ruwa na kusa, abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa bai sauka ba, kuma rijiyar garka sau da yawa ita ce rijiyar sha ta masu aiki da dabbobinsu.

Ina hukuma? Akwai babbar ma'aikatar kare tsirrai, DGPV, da wakilanta a jihohi da gundumomi, akwai kuma 'yan birgad na ƙauyuka da aka koya wa feshi. Amma duk wannan tsari an gina shi ne don damina: fara, tsuntsaye jan-baki, ƙwarin gero da na wake. Can ne ake kai maganin gwamnati, can ne ake ƙidaya hekta nawa aka fesa. Hakan yana da hujja, tunda gero shi ne ran ƙasa. Sai dai tun daga shirin 3N na 2012 har zuwa babban shirin ban-ruwa na hukumomin yanzu, kowace gwamnati tana kiran mutane su rungumi noman rani, a gina rijiyoyi, a raba injuna da iri. Wanda zai shiga garka ya juya ganye ya ce wannan jan gizo ne, kada ka fesa wancan, shi ne ba a cika sa wa a lissafi ba. Malamin gona guda yana iya riƙe ƙaramar hukuma sukutum, da ƙauyuka gommai, wani lokaci ba shi da ko man moto.

Matsalar tsaro ta ƙara tsuke abin. A farkon 2020 aka sa gundumar Filinge cikin dokar ta-ɓaci, kuma hanin hawa moto da aka sha sanyawa a sassan jihar Tilaberi ya taɓa malamin gona kamar yadda ya taɓa kowa, domin da moto yake zagaya garake. Ma'aikatan ƙungiyoyi da dama sun rage fita daji. A gefe guda kuma mutanen da suka baro ƙauyukan arewa, wajen Abala da bakin iyakar Mali, sun taru kusa da garuruwa, wasunsu sun kama aikin garka ba tare da sun gaje shi ba. Rufe iyaka ma bai hana kwalba shigowa ba, ko a lokacin da Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko a lokacin takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023. Abin da rufewar ke yi shi ne ta tsadantar da kayan da ke bin hanyar doka, ta bar fili ga na ɓarauniyar hanya.

Duk da haka ba a rasa abin yi ba, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Bedi, wato dogon yaro, yana ko'ina a Filinge, 'ya'yansa na zuba a ƙasa ana sharewa. Awon da malaman gona suka saba bayarwa shi ne rabin kilo na dakakken ƙwallon bedi a cikin lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da marece, sama da ƙasan ganye, a maimaita kowane mako. Ba ya kashe tsutsa nan take, kuma wannan ne ya sa manoma da yawa suke raina shi: sun saba ganin ƙwaro ya faɗo a gabansu. Aikinsa shi ne ya hana ta ci, ya hana ta girma. Idan an fara da wuri yana riƙe shu da zogala sosai. Idan an jira garka ta cika, ya makara. A zogala, idan tsutsa ta riga ta yi yawa, sare rassan a ƙone su a bar itacen ya sake toho ya fi a yi ta zuba guba a kan abin da za a ci. Wurin renon dashe kuma, tsohon gidan sauro marar huda ya isa ya hana uwar tsutsa zuba ƙwai a kan tumatir da shu tun suna jarirai, domin garka da yawa daga wurin reno take ɗauko cutarta.

Akwai magungunan zamani da CSP ta amince da su don kayan garka, irin masu émamectine da ke ratsa ganye su tarar da Tuta a ciki, da masu abamectine don jan gizo, da na ƙwayar halittar Bt da ke kashe tsutsa kaɗai ta bar sauran. Sun fi tsada, ba kullum ake samunsu a kasuwar ƙauye ba, kuma su ma idan aka dage da guda ɗaya za a wayi gari ya daina aiki. Akwai kuma tarkon da ke jawo mazan Tuta da ƙamshin mace, wanda babban amfaninsa shi ne ya gaya wa manomi ranar da ta iso. A nan ne ƙungiyoyin manoma irin tarayyar FCMN-Niyya suke da rawar takawa: wadda ta iya haɗa odar irin dankali daga Turai ba za ta kasa haɗa odar magani mai izini da tarko ba. RECA kuma tana da cibiyar kira inda manomi ke aika hoton ganye da saƙon murya ta WhatsApp, a ba shi amsa da Hausa ko Zabarmanci. Waya tana zuwa inda moto ba ya zuwa, matuƙar akwai rezo.

Amma abu mafi wuya ba a sayensa a kanti. Uwar tsutsa ba ta san shinge ba. Wanda ya gama tsinkar tumatir ya bar karan a tsaye, ko ya zubar da ruɓaɓɓun 'ya'ya bakin darni, ya buɗe wa maƙwabtansa gidan renon ƙwari. Tuge tsohuwar shuka, ƙone ta ko binne ta, da yarda a kan wani lokaci na shekara da ba za a bar tumatir ko shu ko ɗaya a fadama ba, abu ne da sai duk masu garka na wuri ɗaya sun yi shi tare. Manoman gero na ƙasar nan sun riga sun nuna hakan na yiwuwa: tun wajen 2006 INRAN ta Maraɗi da abokan aikinta suke sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon, a gonaki don ya kashe murzunar da ke cin zangarniyar gero, kuma ƙauye guda ake yi wa aikin, ba gona guda ba. Masu garka suna da sarakunan noma, suna da shugabannin ƙungiya, suna da masu gari da ke iya tsayar da ranar buɗe makiyaya da ranar rufe ta. Tsayar da ranar share garka bai fi wannan wuya ba.

Hukumomin gari ma suna da abin da ke hannunsu tun yanzu. Duk ranar kasuwa ana bin tebur-tebur ana karɓar haraji, har da teburin mai magani. Wanda ya iya zuwa karɓar dala ashirin zai iya zuwa da takardar sunayen magungunan da CSP ta yarda da su, wadda ake sabuntawa kuma ba a ɓoye take ba. Kwace kaya kaɗai ba zai yi ba, gobe wasu za su shigo. A tara masu sayarwar nan na Baleyara, Bonkuku, Damana, Shikal da Filinge, a koya musu bambanta huɗun nan da ke cin ganye da ma'anar launin gindin kwalba, a ba wanda ya koya takarda ya liƙa a teburinsa. Tunda dai su manomi yake tambaya kafin ya tambayi kowa, gara amsar da za su ba shi ta zama daidai kafin dashen Oktoba mai zuwa.